Rabon takin ma aiki ne, ɗana

Shekaranjiya da muke dawowa daga ƙaddamar da rijiyar burtsatse, kana rungume da jakar kyamara a cikin Adaidaita Sahu, ka ce da ni: "Maigida, wai yaushe za mu fara aikin gaske? Kullum daga buɗe famfo sai rabon taki, sai yaye ɗalibai, sai naɗin sarauta. Ni na ɗauka aikin jarida shi ne gobara da hawan Sallah." Ban tanka maka ba, saboda ƙarar inji da ƙura, ga kuma yunwa tana cina. Yau na huce, zauna ka ji.

Ɗauki yatsunka ka ƙirga. Sallah sau biyu ake yi a shekara. Ka haɗa Hawan Sallah da Hawan Daushe da Hawan Nassarawa da na Ɗorayi ko Fanisau, duka biyun ba su wuce kwana goma ba. Akwai ma shekarar da ba a hau ba sam, kamar 2020 da korona ta kulle gari. Gobara kuwa, Allah ya tsare, ba abin da mutum zai zauna yana fata ba ne. To sauran kwana ɗari uku da hamsin da ɗoriya fa, me jarida za ta buga? Wannan famfon da ka raina, da wannan takin, da yaran Islamiyya masu saukar Alƙur'ani.

Kai a wurin famfon nan me ka ɗauko? Na duba memorinka daren jiya. Hoto tamanin da wani abu, kusan duka na shugaban ƙaramar hukuma ne riƙe da almakashi, mutum goma sun taru a bayansa kowa yana leƙo kai don ya fito. Ba laifi, edita yana son wannan, kuma in ka koma babu shi za ka sha faɗa. Amma hoto uku ya isa. Ka tuna da motoci suka tashi, kai har ka rufe jaka, na ce mu ɗan dakata? Minti goma ba a yi ba sai ga yarinyar nan mai koren hijabi da jarka ruwan ɗorawa, ba ta kai hannun famfon ba sai ta yi ɗage, ƙaninta ya tara baki yana sha, ruwa yana gangaro masa har cikin riga. Wannan shi na aika, shi aka buga. Wanda ya gan shi ya san abin da ruwa yake nufi a wannan unguwa ba sai an karanta masa jawabi ba.

Kuma aikin bai ƙare ba. Rubuta a littafinka: bayan wata uku mu koma. Na sha komawa irin wannan wuri in tarar an cire kan famfon, awaki suna kwance a kan dakalin, yara sun koma bin 'yan garuwa. Idan ka ajiye hoton ranar buɗewa kusa da na ranar komawa, ka gama rubuta labari. Idan kuma ka tarar yana ba da ruwa, shi ma ka ɗauka, don wanda ya yi aiki ya cancanci a gani. Mai zuwa daga Abuja ko Legas ba zai iya wannan ba, yini ɗaya yake yi ya kama hanya. Kai a nan kake kwana.

Abin da nake so ya zauna maka ke nan: mutanen da kake ɗauka gobe ma za ka gan su. Za ku haɗu a sahun Juma'a, a layin mai, a wajen mai shayi. Shi ya sa ka ga ba na fito da kyamara da isata wuri. Sai na yi sallama, na gaida mai unguwa, na tambayi dattawan da ke kan tabarma ya gida ya ƙoƙari, in an miƙo ruwa in sha. Kai kana ganin ɓata lokaci ne, na lura da yadda kake duba agogo. Ranar da kasuwar Sabon Gari ta nan Kano ta kama da wuta a watan Maris na 2016, jami'an tsaro sun tare hanya, masu kyamara sun yi cirko-cirko a waje. Wani ɗan kasuwa ya hango ni ya kira sunana, ya ja ni ta wani lungu ya hau da ni saman bene, daga can na ɗauki abin da na ɗauka. Ka san inda ya san ni? Zaɓen ƙungiyarsu na je na ɗauka shekaru kafin nan, taron da ko kujera ashirin ba a cika ba, daga baya na wanke hotonsa na kai masa har shago. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari in ba ka labarin kunyar da na sha, don kada ka maimaita. Ina da ƙuruciya aka aike ni rabon kayan abinci cikin azumi. Na ga wata tsohuwa a layi ta miƙa hannu biyu, fuskarta duk tamoji, haske ya sauka a kanta yadda ake so. Na danna, ban tambaye ta ba, ban ma gaishe ta ba. Aka buga shi babba, abokan aiki suna ta yaba mini. Kwana biyu sai ga ɗanta a ofis, magidanci mai kamala, bai ɗaga murya ba. Ya ce mahaifiyarsa maƙwabciyarta ta je karɓar wa, wadda ba ta iya tashi, yanzu ga shi duk dangi suna cewa ya bar uwarsa tana bara. Na rasa inda zan sa kaina. Na bi shi har gida na durƙusa na ba ta haƙuri, ta ce ta yafe, amma jarida ta riga ta shiga gari, har an ƙunsa ƙosai da ita. Tun daga ranar, a wurin rabon tallafi hannuwa nake ɗauka da buhuna da tsawon layi daga baya. In ina son fuska, sai na tambaya, na kuma faɗi inda hoton zai fito. Yanzu ma abin ya fi da haɗari, don hoton da ya hau Facebook ko WhatsApp ba ya dawowa.

Haka wajen jana'iza. Ka tsaya nesa, ka ɗauki sahu da yawan jama'a, ka bar makara ta wuce ba tare da ka cusa kyamara ba, kuma in an tayar da salla ka rataye ta ka shiga sahu. Asibiti, kada ka ɗauki mara lafiya a kan gado sai da yardarsa ko ta masu jinyarsa. Cikin gida wajen mata, ko an gayyace ka, ka tsaya a zaure a yi maka iso, a ba su lokaci su kimtsa. Yaron da aka ci zarafinsa kuwa, ko wanda ake tuhuma da laifi, fuskarsa ba ta fita, ko da uban ne ya ce a ɗauka.

Sai maganar suna. Na fi yi maka faɗa a kan wannan fiye da komai, kuma ba zan daina ba. Hoton da ba a san ko su wane ne a ciki ba, na album ne. Kafin mutane su watse, ka bi su daga hagu zuwa dama da biro da littafi, kowa ya faɗi sunansa da muƙaminsa, ka maimaita masa ya ji. Kada ka yarda da "ai kowa ya san shi". A ƙasar nan ka kira hakimi dagaci, ko ka sa Ɗan'iya a inda Ɗanburan yake, ka jawo wa edita wayar da ba zai manta ba. Muhammad da Muhammadu da Mamman ba ɗaya ba ne a wurin mai sunan. Ka sa wuri, ka sa rana. Mu da muka fara da fim mai ɗaukar hoto 36, muna wanke shi a ɗakin duhu, a bayan kowane hoto muke rubuta wannan da fensir. Duk wanda ya taɓa buɗe tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, ko New Nigerian ta Kaduna, ya san 'yan layukan da ke ƙarƙashin hoto su ne suke gaya maka waye wannan bayan duk waɗanda suka san shi sun rasu.

Ta fannin hannu kuma, waɗannan ƙananan tarukan su ne makarantarka. A ƙasarmu taro ba ya farawa sai rana ta take, manya kuma farar shadda suke sawa. Kyamara tana ganin farin nan sai ta rage haske, fuskar mutum ta fito baƙi ƙirin, hula kawai ake gani. Ka auna hasken a kan fuska, ka ƙara hasken da mataki ɗaya, ko ka ɗan kunna filashi ya cike inuwar da ke ƙarƙashin hula. Rumfar tamfol ja ko shuɗiya tana rina fuska, ka lallaɓa ka jawo mutum bakin rumfa. Lokacin hunturu kada ka kuskura ka canza idon kyamara a fili, ƙura za ta shige, ka yi wata kana ganin ɗigo a kowane hoto. Batir biyu, kullum a cike, don ba ka san lokacin da za a kawo wuta ba. In ba ka iya fitar da fuskar mutum ɗaya da ke tsaye cak yana jawabi ba, yaya za ka yi a Ƙofar Kudu ta fadar Sarki ranar Hawan Daushe, dawakai sun taho jahi a guje, 'yan bindiga suna ta harbi, hayaƙi ya turnuƙe, dogarai suna kora mutane baya? A can sai ka kai saurin ɗauka 1/1000 na daƙiƙa, ka san gefen da rana take, ka kuma san inda za ka tsallake in doki ya ƙwace. Ba ranar ake koyo ba.

Na ga kuma yadda idonka ya bi ambulan ɗin da aka miƙo mana a wajen famfon, wai kuɗin mota. Ba zan yi maka ƙarya ba, albashin aikin nan ba ya kai wata, tun ba ma da aka cire tallafin mai a 2023 ba, kuma da yawa suna karɓa. Amma ka yi tunanin ranar da za mu koma bayan wata uku mu tarar famfon ya ƙafe. Wanda ya sa ambulan a aljihu, hannunsa nauyi yake yi a ranar. In kana neman na cefane, ga ɗaurin aure da suna ranar Asabar da Lahadi, ka yi cinikinka a fili, a biya ka hakkinka, ba wanda zai ce ka ci amana.

Gobe da asuba za ka Kasuwar 'Yan Kaba, kai kaɗai, an ce tumatir ya yi tsada. Ka isa kafin bakwai, lokacin da ake sauke kwanduna kuma rana ba ta yi zafi ba. Ka fara neman shugaban 'yan kasuwa ka gaishe shi. Ka tambayi kuɗin kwando yau da na makon jiya, daga bakin mutum uku, ka rubuta sunayensu. Kada ka tsaya a tulin tumatir kawai, ka jira mai saye ta buɗe jaka tana ƙirga kuɗi, ka nemi izininta. Ka sa tsohon takalmi, wurin akwai caɓi. Ƙarfe goma ina jiranka a ofis.