Tambayoyinku kan fasaha: Laftof siririya za ta jure zafin Garwa da ƙurar Marwa?

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato laftof mara nauyi da mutum zai saɓa a kafaɗa ya yini da ita yana yawo. Na zaɓi guda biyar daga ciki.

Tambaya daga wata malamar sakandare a Marwa, a arewacin Kamaru: Malam, ina koyarwa a makarantu biyu, kullum a kan mashin nake zirga-zirga. Laftof ɗina tsohuwa ce mai inci 15.6, nauyinta ya fara sa mini ciwon kafaɗa. Na ga wata sabuwa fil a kwalinta, siririya mai ruwan azurfa, an rubuta Celeron N4020, RAM 4GB, ma'adana 64GB. Akwai kuma HP EliteBook 840 G5 ta hannu, kuɗinsu kusan ɗaya. Aikina rubuta darasi a Word, shigar da makin ɗalibai a Excel, da ɗan bincike a intanet. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Malama, Allah ya ƙara sauƙi. Ki ɗauki EliteBook ɗin, muddin ta tsallake gwajin da zan faɗa miki. Waccan sabuwar kyan ɗan maciji ce.

Duk laftof ɗin da kika ga ta sirance, akwai abin da aka cire kafin ta zama haka. Manyan kamfanoni sukan rage nauyi ta hanyar amfani da kayan jiki masu tsada kamar alminiyom da maganiziyom, shi ya sa kuɗinsu ke yin sama. Masu araha kuwa cikin suke ragewa. Celeron N4020 firosesa ce, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, mai ƙwaya biyu kacal, an yi ta ne don ƙaramin aiki. RAM shi ne inda kwamfuta ke riƙe aikin da take yi a lokacin, 4GB kuwa shi ne mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke yarda da shi, kuma a irin waɗannan kwamfutoci yawanci a liƙe yake da allon uwa, wato babban faifan da ke cikin kwamfutar, ba a ƙara shi har abada. Ki buɗe Word, ki buɗe shafuka biyar a Chrome, sai ki ga kina danna harafi yana fitowa bayan kin ɗaga yatsa. Wancan 64GB ɗin kuma galibi ba SSD, ma'adana mai sauri, ba ce, eMMC ce, 'yar'uwar katin memori na waya. Windows kaɗai da sabunta kansa da yake yi zai cinye wajen rabinta. Waɗanda suka yi jami'a lokacin da aka raba wa ɗalibai ƙananan kwamfutocin nan na gwamnatin Kamaru, PB HEV, masu 32GB sun san yadda ƙaramar ma'adana ke cika tun ba a je ko'ina ba.

EliteBook 840 G5 kuwa don ma'aikatan ofis aka ƙera ta. Nauyinta wajen kilo ɗaya da rabi ne, allonta inci 14. Tsohuwarki ba za ta rasa kilo biyu da ɗoriya ba, ga katuwar caja, don haka kafaɗarki za ta ji bambanci tun ranar farko. Abin da ya fi burge ni da ita shi ne gurbin RAM biyu da take da su. Yau kin saya da 8GB, baɗi idan Allah ya hore ki kai wa mai gyara ya mayar da shi 16GB cikin ɗan lokaci. SSD ɗinta ma ana cirewa a sa babba. Tana da ramukan USB irin na da, waɗanda filas ɗinki da firintar makaranta ke shiga kai tsaye, da ramin HDMI na majigi. A wurinmu, inda takardun jarrabawa ke yawo a filas daga hannu zuwa hannu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai tarko ɗaya. Wannan samfurin ya fito da firosesa iri biyu, zubi na 7 da zubi na 8. Ki duba lambar da ke bayan i5. Idan kin ga i5-8250U ko i5-8350U, zubi na 8 ne, ƙwaya huɗu, kuma Windows 11 ya amince da shi. Idan i5-7200U ko 7300U ne, ƙwaya biyu ce, kuma ba ta cikin jerin waɗanda Microsoft ta amince da su. Tun ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 yadda ta saba, don haka sayen zubi na 7 a yanzu sayen abin da kwanansa ya ƙare ne, ko da mai shago ya yi dabara ya ɗora mata Windows 11. Kada ki dogara da takardar da aka manna a jiki. A kunna miki, ki shiga Settings, System, About, ki karanta da idonki.

Kafin ki ba da kuɗi, ki zauna a shagon ki ɗauki lokacinki. Ki buɗe murfin ki rufe sau da yawa, ki ji ko ƙyauren yana ƙara ko ya yi sako-sako. Ki buɗe farin shafi ki duba ko akwai tabo ko layi a allon. Ki buɗe Word ki danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Ki sa filas a kowane rami. Sannan ki ce wa mai shagon ya shiga BIOS, wato saitin asali na kwamfutar da ake shiga kafin Windows ya buɗe, a gabanki. Yawancin waɗannan kwamfutoci daga ofisoshin Turai da Amurka suka fito, wasu da kalmar sirrin kamfanin a kulle, ranar da kike son canja wani abu sai ki tarar ba hanya. Idan ya fara kame-kame, ki tashi ki bar masa kayansa.

Batun mashin kuma: ki samu jakar goyo mai soso a ƙasa da baya, ki kashe kwamfutar gaba ɗaya kafin ki sa ta, kada ki danna littattafai a kan murfin. Allon siririyar laftof ya fi fashewa ta matsi a cikin jaka fiye da ta faɗuwa.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa da ke bin hanyar Garwa, Kusuri da Njamena: Yarona ya dage sai na sayi MacBook Air mai M1, wai ba ta da nauyi kuma batirinta na yini guda. Za ta iya da zafinmu?

Amsa: Alhaji, ranka ya daɗe, yaron bai yi ƙarya ba. MacBook Air mai M1 ta fito a ƙarshen 2020, nauyinta kilo 1.29, kuma a cikin masu irin nauyinta kaɗan ne ke kamo ta wajen riƙe caji. Ba ta da fanka ko ɗaya, wanda a lokacin hunturu alheri ne, tunda ba abin da ke zuƙo mata ƙura. Duk wanda ya taɓa buɗe laftof mai fanka bayan hunturu biyu a Marwa ya san abin da ake tararwa: wani jan danƙararren gashi a bakin ƙarfen sanyaya, ana ɗaga shi da tsinke ya taso ɗungurungum.

Sai dai rashin fanka na nufin jikinta na alminiyom ne ke fitar da zafi. Kamfanin Apple da kansa ya ce a yi amfani da ita a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, Garwa da Njamena kuwa a watan Maris da Afrilu sukan haura 40. Ba ƙonewa za ta yi ba. Idan ta ɗau zafi takan rage gudu don ta kare kanta, kuma a aikin lissafi da aika saƙo da wuya ka lura. Wanda ke shan wuya a ɓoye shi ne batir, domin zafi ne babban makashinsa. Kada a bar ta a cikin mota a rufe da rana, kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma tana caji.

Abin da nake so ka auna ya wuce zafi. Ramuka biyu ne kawai na USB-C a jikinta, don haka filas da firinta sai da mahaɗi, ranar da ka manta shi a Garwa kuma aikin Kusuri ya tsaya. RAM da SSD duk a liƙe suke, abin da ka saya da shi za ka ƙare. Idan allon ya fashe, samun wani a arewa ba abu ne mai sauƙi ba, sau da yawa sai an aika Duwala ko Kano, kuɗin kuma ba kaɗan ba. Mafi muhimmanci, ka tambayi mai riƙe maka lissafi ko manhajar da kuke shigar da kaya da bashi ta Windows ce. Idan ita ce, ka bar MacBook, ka nemi ThinkPad X1 Carbon zubi na 6 ko sama (zubin samfurin nake nufi, ba na firosesa ba). Ta ma fi ta rashin nauyi, wajen kilo 1.1, tana da USB na da da HDMI. Ita ma RAM ɗinta a liƙe yake, don haka ka nemi mai 16GB tun farko. Idan kuma ka tsaya a kan MacBook ta hannu, kada ka biya sai mai ita ya fita daga iCloud ɗinsa, wato asusunsa na Apple, a gabanka, in ba haka ba wata rana za ta kulle, ba kuma mai gyaran da zai buɗe maka.

Tambaya daga wani ɗalibi a Jami'ar Ngaundare: Mai shago ya ce batirin laftof ɗin da nake so yana awa goma. Ta yaya zan gane gaskiya? Kuma fawa bank na waya zai iya cajin ta idan an ɗauke wuta?

Amsa: Ƙanena, ba sai kun yi musu ba, kwamfutar da kanta za ta ba da shaida. Danna maɓallin Windows, rubuta cmd, buɗe baƙin allon nan, ka rubuta powercfg /batteryreport ka danna Enter. Zai nuna maka inda ya ajiye rahoton. Ka buɗe shi ka nemi layi biyu: Design Capacity, wato abin da batirin ke ɗauka yana sabo, da Full Charge Capacity, abin da yake iya ɗauka yau. A ce na farko 50,000 ne na biyu 31,000, to saura kashi 62 cikin ɗari ke nan, wato 31Wh, ƙarfin da zai ba da wat 31 na awa ɗaya. Irin waɗannan kwamfutoci a aikin rubutu da intanet sukan ci wat 7 zuwa 10, don haka wannan batirin awa uku zuwa huɗu zai ba ka. Ni dai idan ya gaza kashi 70, sai a rage mini kuɗin sabon batir ko a fasa ciniki.

Tambayarka ta biyu tana da muhimmanci a yankinmu, inda wutar jihohin arewa ta daɗe tana dogaro da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, idan ruwa ya ja baya da rani kuma sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Fawa bank na waya na gama-gari ba zai yi ba. Sai wanda aka rubuta PD a jikinsa mai ƙarfin wat 45 ko 65, kuma sai laftof ɗin tana karɓar caji ta USB-C, domin ba kowane ramin USB-C ke yin haka ba. Mai 20,000mAh yana ɗauke da kimanin 74Wh, wani kaso ya tafi a zafi, abin da ya rage zai cika maka batir mai 50Wh kamar sau ɗaya. Ka je da fawa bank ɗin shagon, ko ka je da laftof ɗin wurin mai fawa bank, ka ga alamar caji ta kama kafin ka biya. Wayar cajin ma ka sayi mai kyau, ta banza takan hana shi kaiwa ƙarfinsa.

Tambaya daga wata mai shagon buga takardu a Garwa: An kawo mini laftof daga Kano, haruffanta ba a jere suke yadda na saba ba, ga shi ba é da ç. A mayar?

Amsa: Hajiya, ba sai an mayar ba. Kin saba da jerin AZERTY na Faransanci, ta Kano kuwa QWERTY ce. Idan hannunki ya haddace AZERTY, ki ƙara Faransanci a saitin harshe na Windows, ki manna takardun haruffa a kan maɓallan. Idan kuma za ki iya sabawa da sabon jerin, ki zaɓi United States-International: alamar ' sannan e ta ba ki é, alamar ' sannan c ta ba ki ç. Windows yana da jerin Hausa mai ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, ana kuma samun jerin Cameroon AZERTY da Cameroon QWERTY a manhajar Keyman idan aikin Fulatanci ya zo. Maɓallin Windows tare da dogon maɓallin tazara ne ke sauya miki daga wannan zuwa wancan. Cajarta ma za ki ga mai ƙafa uku ce irin ta Najeriya, wayar bango kawai za ki canja zuwa mai ƙafa biyu zagayayyu.

Tambaya daga wani ma'aikacin jinya a Kusuri: Wurin da nake goga yatsa a laftof ɗina ya ɗago sama, murfin ma baya rufuwa daidai. Mene ne?

Amsa: Ɗan'uwa, batirinka ne ya kumbura. A siririyar laftof batirin shimfiɗe yake a ƙarƙashin wannan wurin, ba shi da inda zai faɗaɗa sai sama. Ka cire caja yanzu, ka kwashe muhimman takardunka a filas, ka kashe ta. Kada ka danna wurin don ya koma, kada kuma ka bari wani ya huda batirin wai don iska ta fita, yana iya kamawa da wuta. Ka kai wa mai gyara ya cire shi. Da yawansu suna aiki da caja kaɗai kafin ka samu sabo. Idan an sa sabon, ka duba ko kwamfutarka tana da saitin tsayar da caji a kashi 80, kamar wanda ke cikin Lenovo Vantage, MyASUS ko Dell Power Manager, ka kunna shi duk ranar da za ta yini a jone a kan teburin asibiti.