Amsa: yadda za ka san masu shigowa shagonka da abin da suka saya

Ɗan'uwa, ka ce kana son sanin mutum nawa ke leƙa shagonka na intanet, ta ina suke zuwa, da yawan cinikin da aka yi. Google Analytics 4, tsarin Google na ƙirga masu ziyartar shafin intanet, ya ishe ka, kuma kyauta ne. Ka buɗe asusu, za a ba ka lamba mai farawa da G-, ka saka ta a shagon. Shopify da WooCommerce dandamali ne na gina shagon intanet. In Shopify kake, manhajar Google & YouTube za ta haɗa maka komai; in WooCommerce ne, akwai ƙaramar manhaja da ake ɗorawa. Amma lambar kaɗai baƙi take ƙirgawa. Kafin ciniki ya bayyana, sai shafin tabbatar da biya ya aika lambar oda, adadin kuɗi da nau'in kuɗin.

Ga inda ni na sha wahala. Idan mai saye ya fita zuwa shafin kamfanin karɓar kuɗi sannan ya dawo, Analytics sai ya ɗauka kamfanin ne ya kawo shi. Har na kusa dakatar da tallan da nake yi a Facebook, ina zaton ba ya kawo ko sisi, ashe shi ke aikin. A cikin saitunan Analytics, ka saka adireshin shafin kamfanin karɓar kuɗin a jerin shafukan da ba a ɗauka a matsayin tushen baƙi. Sannan ka sayi abu ɗaya da kanka, ka duba rahoton nan-take ko ya fito sau ɗaya, ba biyu ba. Sauran rahotanni kan ɗauki awa 24 zuwa 48.