Rim ɗina ya yi fari-fari bayan wanki, da me ya kamata in riƙa wanke ƙurar birki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Gidana yana Ƙofar Marusa a Katsina, wurin aikina kuma Daura, don haka kusan kullum ina kan hanya da Peugeot 406 mai rim na alminiyon. Rim ɗin gaba kan yi baƙi ƙirin da ƙurar birki, sabulu ba ya fitar da ita. Mako uku da suka wuce wani yaro a wurin wankin mota ya ce yana da maganin abin, ya ɗauko wani ruwa a gorar roba ya fesa, ya yi kumfa, rim ya fito fes kamar sabo. Har tukuici na ba shi. Bayan kwana biyu sai ga fari-fari kamar kyasbi ya feso masa, notunan kuma sun fara tsatsa. Hankalina ya tashi. Rim ɗin ya mutu ke nan? Abin zai iya taɓa birki? Me ya kamata in saya? Daga wani mai karatu a Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam. Ka kwantar da hankalinka, fesawa ɗaya ba ta fasa rim, kuma birkinka na nan yadda yake. Amma bisa dukkan alamu asid aka zuba maka, kuma kada ka bari a sake.

Abin da ya sa sabulu ya gaza shi ne wannan baƙin ba ƙurar hanya ba ce irin ta hunturu da ke sauka da ruwa. Garin ƙarfe ne. Duk sanda ka taka birki, fad, wato takalmin birki, yana goga faifan birki, faifan kuwa baƙin ƙarfe ne, sai ɓarɓashinsa ya tashi da zafi ya nitse cikin kiliya, wato fentin nan marar kala mai ƙyalli da aka fesa wa rim a sama, ya yi tsatsa a ciki. Ƙafafun gaba ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa, shi ya sa suka fi baƙi, kuma motocin Turai irin taka sun fi na Japan zubar da wannan ƙura saboda irin fad ɗin da ake sa masu.

Yanzu ga gorar nan. Na gaji da faɗa, kusan kullum sai an kawo mini rim da aka ƙona da ita, kuma kowane mai mota labarinsa ɗaya: ya ga kumfa, ya ga haske, ya ce wannan magani akwai ƙarfi. Kumfar nan da ta burge ka har ka ba da tukuici, ƙarfen motarka ne ake ci kana tsaye kana kallo. Rim ɗin da ya shekara yana yawo ba ya rasa ƙarzuwa, ko daga gefen kwalbati, ko daga ƙarfen mai faci. Ta nan asid ke shiga ƙarƙashin kiliya ya tarar da alminiyon tsirara, alminiyon kuwa tsatsarsa fara ce, ita ce kyasbin da kake gani. Idan aka bar ta sai ta riƙa rarrafe a ƙarƙashin fenti kamar hanyar gara, har fentin ya fara ɓantalewa. Notuna kuma an cinye masu ɗan siririn rufin da ke kare su. A maimaita haka sau da yawa, ya kai inda taya ke zama a kan rim, sai ka ga tayar da ba ta da tub tana sacewa a hankali, mai faci ya nemi ƙusa ya rasa.

Ka tambayi yaron abin da ke cikin gorar, zai ce maka "kemikal". Iyakar saninsa ke nan, wanda ya sayar masa ma haka. Wani ruwan batir ne aka sirka, wato asid na salfa. Wani maganin wanke masai ne irin su Harpic, wanda aka yi domin tangaran. Wani kuma ba asid ba ne, sodar da mata ke haɗa sabulu da ita ce, ita kuwa tana cin alminiyon da sauri, ka jefa marfin tukunyar alminiyon a ruwanta ka ga yadda zai yi ta tafasa. Akwai masu wayo da ke zuba Hypo a kan asid wai don ya ƙara ƙarfi. Wannan haɗi iskar kulorin yake fitarwa, wadda aka yi yaƙi da ita a Turai a 1915, shi kuma yaro ya sunkuya a kanta yana goga.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne asid ɗin hayidurofulorik, wanda ake sawa a wasu magungunan haskaka rim ɗin manyan motoci da tankoki. Shi ba ya gargaɗi. Idan an sirka shi, yana iya taɓa fata ba a ji komai ba sai bayan sa'o'i, wani lokaci har awa 24, alhali ya ratsa ciki yana zuƙe kalsiyam na jiki, yana iya kaiwa ga ƙashi. Na taɓa ganin yaron da ya wuni yana wanki da irin wannan ruwa babu safar hannu, cikin dare ƙarƙashin faratansa ya kama zogi, aka yi ta shafa masa man shanu da man goge baki. Ba a kai shi asibiti ba sai da yatsun suka sauya kala. Duk wanda irin wannan ruwa ya taɓa, a sakar masa ruwa mai gudu aƙalla minti 15, a wuce asibiti da gorar a hannu, a gaya wa likita abin da ake zargi, domin maganinsa daban ne, akwai wani man kalsiyam da ake shafawa. Masu wuraren wankin mota, ku ji tsoron Allah. Yaran nan amana ce iyayensu suka ba ku. Kun sayi janareta, kun haƙa burtsatse, kun sa tayil a ofis, safar roba da tabarau ne suka gagare ku? Mu masu mota ma muna da namu kason, mu ke zaune a benci muna cewa a yi sauri a goge ya yi ƙyalli, ba ma tambayar da me.

Kada wani ya zo ya ce ai a Turai ma ana sayar da mai asid. Ana sayarwa, a cikin kwalba mai rubutu da ke faɗin yawan ruwan da za a sirka da irin rim ɗin da ba a yarda a sa masa ba. Gorar ruwan sha da aka huda wa marfi da ƙusa ba ta faɗin ko ɗaya.

Abin saye kuwa ba shi da yawa. Na farko sabulun wankin mota na ruwa wanda aka rubuta "pH neutral" a jikinsa, wato awonsa na kusa da 7, bai karkata ga asid ba bai karkata ga soda ba. Idan kana wanke ƙafafun duk mako da shi da burushi mai laushi, ƙurar ba za ta samu zaman da za ta kama ba. Ka ware wa ƙafafu bokitinsu da tsummansu, domin garin ƙarfen da ya maƙale a tsumma shi ke zana jikin mota. Omo da 'yan uwansa a bar wa tufafi, suna disashe kiliya idan aka daɗe ana yi.

Na biyu, domin baƙin da ya riga ya kama, ka nemi wanda aka rubuta "iron remover" ko maganin rim mai sauya kala. Sonax na Jamus suna da shi, CarPro suna da IronX, akwai wasu. Sinadarin da ke cikinsa garin baƙin ƙarfen kawai yake narkarwa, ya bar fenti. Za ka fesa, bayan minti biyu zuwa biyar ka ga yana zubowa shuɗi-ja kamar ruwan zoɓo, ka ɗan goga, ka ɗauraye da ruwa mai yawa. Warinsa kamar ruɓaɓɓen ƙwai, kada ka ce ya lalace, haka yake. Idan ba ka samu a shagunan kayan ƙawar mota na Katsina ba, ka sa a duba maka a Kano ko ka yi oda ta intanet, ka kuma tabbatar marfin a rufe yake daga kamfani. Sau ɗaya a wata biyu ko uku ya isa.

Shi ma mai kyan yana ɓata rim idan ya bushe a kai, kuma a nan ne yanayinmu ke cutar mutane. Ka taso daga Daura da rana a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ka yi ta taka birki, ka shiga wurin wanki kai tsaye a fesa magani a kan ƙarfe mai ƙuna. Kafin yaro ya ɗauko burushi ya bushe ya bar tabo. Ka bar motar ta huce a inuwa har ka iya ɗora tafin hannunka a kan rim, a yi ƙafa ɗaya a gama kafin a koma ta gaba, a tsane da tsumma, saboda ruwan burtsatse kan bar ɗigo-ɗigon fari. Soson ƙarfe kada ya kusanci wurin. Haka man birki da wasu ke shafa wa taya don ta yi sheƙi, yana ɓare fenti, duk wani mai kuma da ya fantsama kan faifan birki zai rage masa kamu. Kada kuma a hure ƙurar da iskar kwamfuresa, wasu fad masu araha har yanzu akwai asbestos a cikinsu, huhu ne ke biya.

Rim ɗinka na yanzu, ka wanke shi da sabulu da ruwa sosai, ka bi farin da farce. Idan sumul yake, tabo ne a saman kiliya, folish zai rage shi ko ya ɗauke shi. Idan ka ji kaushi ko fenti na ɗagowa, babu abin fesawa da zai gyara, sai mai fenti ya cire taya, ya goge da samfefa har ƙarfe, ya sa firaima da kala da kiliya. Notunan da tsatsa ta ci sosai ka sauya su. Jan tsatsar da ke bayyana a faifan birki bayan wanki kuwa ba komai ba ce, taka birki biyu-uku ke share ta. Sai dai ka duba wani abu: idan ƙafar gaba ɗaya ta fi 'yar uwarta baƙi da zafi, kalifa, wato abin da ke matse fad a kan faifan birki, ce ke riƙewa, ka kai wa bakanike kafin ka sake hawa hanyar Daura.