Kun Tambaya, Mun Amsa: Waƙar ibada ta taro a addinin Hindu

Wasiƙun wannan karon sun taru a kan abu ɗaya, wato waƙoƙin da mabiya addinin Hindu suke haɗuwa su rera da sunan bauta. Mun zaɓi biyar. Abin da za mu kawo bayani ne na yadda masu addinin suke yi da abin da suka ƙudurce a kai.

Assalamu alaikum. Tun muna yara muke gani a finafinan Indiya, mutane sun zauna a ƙasa gaban gunki, ɗaya yana ba da waƙa saura suna amshi da tafi. Ƙawa ce ta masu shirya fim, ko da gaske haka suke ibada? Daga wata uwa a Tudun Wada.

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Da gaske ne, kuma babban gurbi gare shi a addinin nasu. Idan mutum ɗaya ne yake jan baiti jama'a suna maimaitawa, galibi sunayen abin bautarsu ake ta nanatawa, kirtan suke ce masa. Idan waƙa ce mai baitoci da yawa wadda wani sha'iri ya tsara, wadda ko mutum shi kaɗai zai iya rerawa, sai su ce bajan.

Littafinsu Bagawata Purana ya lissafa hanyoyi 9 na nuna ƙauna ga abin bauta. Ta farko sauraro, ta biyu wannan rerawar, ta uku tunawa. Tsakanin ƙarni na 6 da na 9 Miladiyya aka yi wasu mawaƙa 12 a ƙasar Tamil, kudancin Indiya, ana kiran su Alwar, masu bautar Bishnu, ɗaya daga manyan ababen bautar Hindu, kuma baitocinsu 4,000 har yau ana rera su a wuraren bautar kudu. Abin da ya ba harkar ƙarfi shi ne harshe. Manyan littattafan addinin da Sanskirit aka rubuta su, harshen da sai malamai, su kuwa waɗannan mawaƙa da harshen gida suka yi nasu. Haka Mirabai, 'yar sarauta daga Rajastan a ƙarni na 16, ta yi. Haka Tukaram ya yi da harshen Marati a ƙarni na 17, shi da ba daga gidan malanta ya fito ba. Mace da manomi da wanda bai taɓa riƙe littafi ba duk suka sami ƙofar shiga.

Wanda ya fito da abin kan titi shi ne Caitaniya, mutumin Nabadwif a Bangal, gabashin Indiya, wanda ya rayu daga 1486 zuwa 1534. Koyarwarsa ita ce a wannan zamani na lalacewa, wanda suke kira Kali Yuga, ba hanyar da ta kai kiran sunan Kirishna, abin bautarsu, cikin taro sauƙi. Daga zuriyar koyarwarsa ƙungiyar da aka fi sani da Hare Kirishna ta fito, wadda Swami Prabhupada ya kafa a Niyu Yok a 1966. Su ne masu tufafi ruwan goro da ake gani da ganga a titunan Turai da Amurka, har a Legas ma suna da wurin ibada.

Malam, ni ɗaliba ce mai nazarin addinai. Ina son sanin yadda zaman yake gudana daga farko zuwa ƙarshe. Daga Unguwar Rimi.

'Yata, tsarin yakan bambanta daga ɗariƙa zuwa ɗariƙa, amma ga abin da aka fi yi. Ana share wuri a shimfiɗa tabarmi ko darduma, a ajiye hoton abin bauta ko gunkinsa a kan ɗan dandamali, a kewaye shi da furanni, a kunna fitila da turaren tsinke. Takalma suna waje. Maza gefe, mata gefe. Mai jan waƙa da makaɗa a ƙasa suke zama kamar kowa, kuma sau da yawa dandamalin suke fuskanta, ba jama'a ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki wa ake yi wa waƙar.

Akan buɗe da jan Om, sautin da suke ɗauka mai tsarki, sau 3, sannan addu'a ga malamin ɗariƙa, da yawansu kuma sukan fara da Ganesha, mai kan giwa, wanda suke ɗauka shi ke kawar da cikas. Daga nan mai ja ya ba da layi ɗaya, jama'a su mayar masa yadda ya ba su, da kalmomin da karin. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da makaɗan fada ya san aikin 'yan amshi. Bambancin a nan shi ne ba ɗan kallo, duk wanda ke ɗakin ɗan amshi ne. Shi ya sa ake taƙaita layin yadda baƙo zai kama shi a ji na biyu. Kirarin da 'yan Hare Kirishna suke nanatawa kalmomi 16 ne kacal, kuma sunaye 3 ne ake jujjuyawa: Hare, Kirishna da Rama.

Kowace waƙa a hankali take farawa, ganga tana taɓawa sama-sama. Idan amshi ya zauna sai a ƙara sauri zuwa matsakaici, a daɗe a nan, don nan ne jikin ibadar. Can sai a ninka saurin, tafi ya yi ƙarfi, wasu su miƙe suna tsalle hannuwa sama. Sai mai ja ya yi wa makaɗi alama da kai, a dawo da layin farko a hankali, a tsaya cak. Waƙa ɗaya takan ci minti 10 zuwa rabin awa, zaman gaba ɗaya awa ɗaya zuwa biyu.

Ana rufewa da abin da suke kira arati. A busa ƙaton kwanson dodon koɗin teku, a kunna fitila mai lagwani 5 da aka jiƙa da man shanu, a riƙa kewaya ta gaban gunkin ana kaɗa ƙararrawa da hannun hagu. Sai a zagaya da fitilar cikin jama'a, kowa ya ɗora tafukansa bisa harshen wutar ya shafa a ido da ka. Daga ƙarshe a raba abincin da aka gabatar wa abin bautar.

Kada ki haɗa wannan da jan carbinsu. Shi mutum ke yi shi kaɗai, ƙasa-ƙasa, da carbi mai ƙwaya 108.

Ni makaɗi ne. Da waɗanne kaya suke yi, kuma me ke sa wani zaman ya yi armashi wani ya watse? Daga Kawo.

Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Kayan asali uku ne. Akwai kartal, faya-fayen tagulla guda biyu masu igiya a tsakiya, su ke riƙe da lokaci. Bugunsu na kullum uku ne cikin ƙirga huɗu: biyu gajeru a danne, na uku a sake shi ya yi ƙara ya cike gurbin na huɗu. Akwai ganga. A Bangal miridanga ce, jikinta na yumɓu, baki biyu, na dama ƙarami mai zaƙin murya, na hagu babba mai kauri. A arewacin Indiya an fi amfani da dolak ko tabla. Sai harmoniyam, akwatin da ake zugawa da hannun hagu ana danna madannai da dama. Shi baƙo ne, daga Turai ya shiga Indiya a ƙarni na 19, har gidan rediyon gwamnatin Indiya ya hana sa shi daga 1940 zuwa 1971, amma yau da wuya ka ga zaman da ba shi.

Awon kiɗan da aka fi yi biyu ne: keharwa mai bugu 8, da dadra mai bugu 6.

Abin da ke ɓata zama kuwa, mafi yawa daga ƙwararru yake fitowa, ba daga 'yan koyo ba. Mai ja ya ɗauki waƙa a muryar da ta dace da maƙogwaronsa shi kaɗai, idan aka hau sama rabin ɗaki ya yi shiru. Maganinsa ya gwada mafi tsayin gaɓar waƙar tun kafin a fara, idan sai ya yi yunƙuri kafin ya kai, ya sauko da ita. Ko kuma ya cika kwalliya da lanƙwasa, jama'a su rasa abin da za su mayar, su koma 'yan kallo. A wurin masu abin, wannan zama ya mutu ko da muryar ta kai zuma daɗi. Na uku shi ne gudun da ba a shirya ba: mai kartal ya ɗan riga lokaci, makaɗi ya bi shi, tafi ya bi makaɗi, kafin minti 5 an kai ƙololuwa ba sauran wurin hawa. Ƙa'idar ita ce mai ja kaɗai ke canja sauri. Sannan kartal ƙararsa tana huda kunne, a ƙaramin ɗaki biyu sun isa, in suka yi yawa sai su binne kalmomin, alhali kalmomin ne ibadar.

Ina gyaran kayan kiɗa. Wani Ba'indiye ya kawo mini harmoniyam, iska ba ta zama, wani madanni ya yi shiru, wani kuma yana kuka shi kaɗai. Daga Kakuri.

Malam, hunturunmu ne ya taɓa shi. Katakon a ƙasa mai laima aka sassaƙa shi, ya zo inda iska ke bushewa ƙayau daga Disamba zuwa Fabrairu, sai ya tsuke ya buɗe kafofi. Fara da gwaji: tura duk maɓallan gaba ciki, ka zuga a hankali sau biyu ko uku. Lafiyayye zai cika ya ƙi karɓar ƙari, kada ka tilasta shi. Idan yana ta sha, akwai yoyo. Kasa kunne a kusurwoyin zuga-zugin, nan fata ke fara tsagewa, ka liƙe da siririyar fata da gam ɗin katako. In ba nan ba ne, duba layin da allon sama ya haɗu da akwatin, ka ɗaure sukurorin daidai wa daida.

Madannin da ya yi shiru, ƙura ce ta maƙale a ɗan harshen tagullarsa, wanda iska ke kaɗawa ya ba da sauti. Buɗe allon, ka zura siririyar takarda ƙarƙashin harshen, ka ɗaga shi kaɗan ka busa. Kada ka kankare shi, domin kankare bakinsa yana ɗaga murya, kankare gindinsa yana sauke ta, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa. Mai kuka shi kaɗai, ko wayar da ke danne madannin ta goce, ko fatar da ke toshe ramin ta ɗago. Da damina matsalar takan juye, katako ya kumbura madanni ya maƙale. Goga gefensa da takardar yashi mai laushi, ban da mai. Ka gaya wa mai shi ya riƙa rufe shi da mayafi, kuma kada ya bar shi a but ɗin mota da rana.

In ya kawo maka ganga, kada ruwa ya taɓa baƙin tabon da ke tsakiyar fatar. Haɗin garin ƙarfe ne da dafaffiyar shinkafa, in ya jiƙe sai ya ɓare, muryar gangar ta tafi da shi.

Maƙwabtanmu 'yan Indiya ne, sun gayyace mu irin wannan zama a gidansu. Wani lokacin sukan kai tsakar dare. Me ya kamata mu sani? Daga Barnawa.

Wanda ya kai tsakar dare wataƙila bikin haihuwar Kirishna ne, a watan Agusta ko Satumba, don sun ce da tsakar dare aka haife shi. Akwai ma wanda ake yi awa 24 ba yankewa, rukuni-rukuni suna karɓar juna.

Ku sani ibada ce aka gayyace ku, ba walima ba. Amshin kiran sunayen ababen bautarsu ne, shafa fitila da ɗigon ja a goshi duk cikin bautar suke, abincin da za a raba kuma an riga an gabatar da shi ga gunki. Hukuncin halarta ko ci, wannan na malaminku ne ko limamin cocinku, ku tambaye shi kafin ranar. In kun je don zumunci kawai, ku cire takalma, ku zauna baya, kada ku miƙe ƙafa wajen dandamalin. Abin da ba za ku karɓa ba, ku sanar da mai gida tun a ƙofa, ya fi a miƙo muku a gaban jama'a ku janye hannu.