Yadda ake mayar da robar silikon ta zama soson tangaran

Malam, ka tambaya ko da gaske ana ƙona robar silikon a samu tangaran mai huji-huji kamar soso, ba tare da yumɓu ba. Ƙwarai ana yi.

Ƙashin bayan robar silikon sarƙa ce ta sinadarin silikon da oksijin, da kabon maƙale a gefe. Da farko ana ɗumama ƙaron silikon, wato robar tun kafin ta daskare, a wajen digiri 200 na ma'aunin Celsius har ya daskare, don kada ya narke daga baya ramukan su rufe. Sai a gasa shi a tanderu mai iskar argon ko naitrojin, tsakanin digiri 800 zuwa 1200. Iskar methane da ta haidrojin su fice, a bar baƙin gilashi mai suna SiOC, wato haɗin silikon, oksijin da kabon, shi ne tangaran ɗin. In ka gasa a iskar gari, kabon ɗin ya ƙone, silika, wato sinadarin yashi, za ta rage maka.

Ramukan fa? Hanyar da na fi yarda da ita ita ce a cuɗa garin ƙaron da ƙananan ƙwallayen wata roba mai kama da gilashi da ake kira PMMA, a danne, a ƙone ƙwallayen. Girman ƙwallo shi ne kusan girman rami, don haka kai ke da iko. Farfesa Paolo Colombo na Jami'ar Padova a Italiya ya yi aiki sosai a kan wannan. Wasu kuma soson katifa suke tsomawa a ƙaron, sannan su ƙone soson.

Matsalar ita ce tsukewa: kayan yakan ragu da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari a tsawo. Ɗaga zafi a hankali, kamar digiri 2 a minti, in ba haka ba ya tsattsage.