Ƙanena, karatu a Kumasi da shagon Kawu

Saƙonka ya same ni ina cikin trotro, wato ƙaramar bas ta haya, daga Tek, mahaɗar da ke bakin jami'a, zan shiga unguwar Aboabo, sai da na sauka na karanta shi a tsanake. Ka ce sakamakon WAEC ɗinka ya fito da kyau, kana so ka zo jami'ar KNUST da ke nan Kumasi a Ghana ka karanci injiniya, kuma ka tsara cewa da safe kana aji, da yamma kana shagon Kawu, don ka rage wa Baba nauyin kuɗin makaranta. Ka tambaye ni ko za ka iya haɗa biyun ka gama cikin shekara huɗu. Allah ya yi maka albarka da ka tuna da Baba. Amma bari in gaya maka yadda lissafin yake a nan kafin ka yi wa Kawu alkawari.

Wannan jami'a ba ta aiki da GPA irin wanda ka saba ji a gida. Abin da ake kira CWA suke yi. Kowane kwas yana da nauyinsa na kiredit, sai a ninka makin da ka ci da kiredit ɗin, a tara duka, a raba da jimillar kiredit ɗin da ka ɗauka tun ranar da ka shigo. Wanda ya kai 70 shi ne mai daraja ta ɗaya, daga 60 kuma daraja ta biyu ta sama. Ɗauki misali: ka ci 80 a kwas mai kiredit ɗaya, ka ci 45 a mai kiredit uku. Kai a ranka kana ganin kana wajen sittin da wani abu, alhali lissafin bai kai ka 54 ba. Kuma makin ajin farko yana nan a cikin kwandon har ranar yaye ɗalibai, ba ya gogewa. Yara da yawa sai a aji uku suke farga, lokacin da kiredit ya taru ya yi nauyi, ko me ka ci da ƙyar yake motsa lambar.

Ni abin da ya kusa kayar da ni kwas ɗin lissafi ne na aji biyu. Jarrabawar tsakiyar zango, wadda ɗalibai ke cewa midsem, ta faɗo cikin azumi, kuma makon nan ne kaya suka iso wa wani ɗan uwanmu da nake taya ciniki. Kwana uku ina ƙirga buhu har dare, in yi sahur in kwanta, littafi ko buɗewa ban yi ba. Midsem da ayyukan gida su ne kashi 30, babbar jarrabawa 70. Na shiga ƙarshen zango da abin da bai taka kara ya karya ba, na fito ƙasa da 40, wato na faɗi. Sunan wannan a bakin ɗalibai tirel, wato kwas ɗin da ka faɗi yana binka a baya kamar bashi. Ba wanda ya cuce ni, ni na yi sakaci, na kuma ƙara da wani sakacin: na yi ta ɗage sake rubuta shi, ina cewa sai na samu sarari. Sararin bai zo ba. Sai ga ni a aji huɗu, ga furojet, aikin binciken kammala karatu, a gabana, ga cikakken jerin kwasa-kwasan zangon, ga kuma tsohon lissafin da na manta rabinsa. Kuma muddin tirel ɗaya yana kanka, ba za ka sa rigar yaye ba.

A wannan shekarar na koyi abin da ya kamata in fara da shi. Na yanke gefen kwalin madara na liƙa a bangon ɗakina a Ayeduase, na rubuta kowace rana da baƙin alƙalami: ranar rufe rajistar kwasa-kwasai, ranar kai babi na biyu wurin malamin da ke duba furojet, ranar midsem, ranar da izinin zama zai ƙare. Abokin ɗakina ɗan Asante har dariya yake yi, wai na mayar da bango allon makarantar allo. Amma da ka ga ranakun a jere ne kake gane cewa rahoton lab biyu da babin furojet duk sun haɗu a Alhamis ɗaya, sai ka fara ɗaya tun Asabar. Furojet kuma ba naka ba ne kai kaɗai sau da yawa, ƙungiya ce, kuma malamin da ke duba ku yana da wasu ɗalibai da nasa ajin. In ya ce ku zo Talata ƙarfe biyu, ba za ka ce masa kana shago ba. Ga dumso, ɗaukewar wutar nan, wadda ta fi son daren da za ka miƙa aiki da safe. Kullum kwamfutarka ta kwana da caji, aikinka kuma ya kasance a wuri biyu.

Akwai nauyin da ɗan ƙasa ba ya ɗauka, kai za ka ɗauka. Yarjejeniyar ECOWAS kwana 90 kawai ta ba ka, bayan nan sai izinin zama daga hukumar shige da fice, da katin shaidar baƙi, kuma sabunta su ake yi. Kuɗin makarantar baƙi da dala ake ƙayyade shi, ka san kuma yadda naira take yi da dala. In kuɗi ya makara, rajista ta makara, kana zuwa aji amma sunanka ba ya cikin kwas. Ka gaya wa Baba ranakun biya tun wata biyu kafin su zo. Fasfonka kuma, ko ya cika ya tsufa, kada ka yar. In ka koma gida neman NYSC za a nemi ganin hatimin shiga da fita, kuma sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance takardunka.

Kewar gida kam ba za ta dame ka sosai ba. Hausawa sun daɗe a nan tun zamanin fataucin goro, a Aboabo da Asawase da Ayigya zango za ka sha koko da ƙosai da safe, ka ci wake da shinkafar da suke kira waakye. Sai dai kada ka yi dariya in ka ji an ce "Hajiya ya zo", haka Hausar zango take. Wannan daɗin ma shi ne tarkon: suna, biki, janaza, kowa ya san kai ɗan gidan Kawu ne, kuma rashin zuwa abin magana ne. Tun farko ka koyi cewa "ina da jarrabawa" da ladabi, su ma sun san darajarta.

To ga shawarata game da shagon. Zangon farko kada ka taɓa shi sam, ka ga yadda makinka ya tsaya tukuna. In ya yi kyau, ka ba Kawu Asabar da hutun ƙarshen shekara. Aji huɗu kuwa ka cire shi daga lissafi gaba ɗaya. Ni zan je in yi wa Kawu bayani da kaina ranar Juma'a bayan masallaci, don in daga bakinka ya fito zai ɗauka ƙiwa ce. Ka turo mini hoton sakamakon da shafin farko na fasfonka, ka gaida Inna, ka ce mata yajin da ta aiko ya ƙare tun watan jiya.