Amsa ga 'yar'uwar da ta ce zuciyarta ta bushe

Salama 'yan'uwa, ina kwananku. To 'yar'uwa na saurari saƙonki na jiya da dare, inda kika ce kina cikin mawaƙa, kina koyar da yara ran Lahadi, ba taron da ake yi babu ke, amma in kin durƙusa addu'a sai hankalinki ya tafi wani wuri, zuciya kamar ta bushe. Nima abin ya taɓa samuna shi yasa nace bari in yi magana.

Kin san mu da an ce abu ya ɗauke mana ido daga Yesu sai mu fara neman wane zunubi muka yi. Ai ba kullum zunubi bane fa. Duba Marta a Luka 10, wa take yi wa hidima? Yesu ne da kansa a gidanta, amma shi ɗin ya ce mata tana damuwa da abubuwa da yawa alhali abu ɗaya ake bukata, ga 'yar'uwarta Maryamu zaune a gabansa tana sauraro.

Wanda ya fi tsaya min a rai ma shine macijin tagulla. A Littafin Ƙidaya 21 Allah ne ya ce wa Musa ya yi shi, wanda maciji ya sara ya duba ya rayu. To je ki 2 Sarakuna 18:4 ki gani, sarki Hezekiya sai da ya farfasa shi, saboda mutane sun koma suna ƙona masa turare. Abin da Allah ya bayar don ya nuna musu ikonsa, shi suka riƙe suka manta Mai bayarwar. Ranar da na karanta wurin nan jikina ya yi sanyi, don a lokacin ni tawa hidimar ce ta zama haka, in an yaba min sai in ji daɗi fiye da in zauna ni kaɗai da Ubangiji ba mai ganina.

Ban ce ki bar waƙa ba, a'a. Amma ki ajiye ko abu ɗaya na ɗan lokaci, ki samu minti 10 da safe kafin ki taɓa waya, aya ɗaya tak, ki karanta ki maimaita. In hankali ya gudu, kuma zai gudu, kar ki tsaya zagin kanki, ki dawo da shi kawai, ko sau nawa ne. Bitrus yana tafiya a kan ruwa zuwa wurin Yesu, da ya ga iska ya fara nutsewa, Matiyu 14:30, ba doguwar addu'a ya yi ba, cewa ya yi Ubangiji ka cece ni, nan take Yesu ya miƙa hannu ya kama shi.

In kin samu sarari anjima ki kira ni mu yi addu'a tare, ina gida bayan ƙarfe 7.